Kwalbar Fitsari Tsakanina da Kakin Hafsa

A shafi na biyu na fom ɗin lafiya da aka raba mana ranar tantancewar shiga aikin soja akwai wata gajeriyar tambaya: shin kana shan wani magani, ko wani abin ƙarin gina jiki, a cikin watanni shidan da suka wuce? Na ɗora biro a kanta na ɗan jima. Na dubi na dama da ni, na dubi na hagu, kowa na ta cike nasa da sauri kamar ba abin tunani a ciki. Sai na rubuta "a'a". A lokacin wata bakwai ke nan ina kaɗa garin furotin sau biyu a rana, ina ƙarawa da kiriyatin, wani sinadarin ƙara wa tsoka ƙarfi, kuma da yammacin jiyan ranar na sha wani garin ƙara kuzari kafin in shiga ɗaga ƙarfe. Wannan "a'a" ta fi duk abin da ke cikin gwangwanayen nan wahalar da ni a kwanakin da suka biyo baya.

Tun ina yaro siriri ne ni. Lokacin da na yanke shawarar neman shiga aikin soja a matsayin hafsa, tsawona mita 1.78 ne, nauyina kuwa kilo 58. In ka yi lissafin da likitoci suke yi, wato ka raba nauyi da tsawo sau tsawo, zai ba ka 18.3, alhali ana ɗaukar duk abin da ya gaza 18.5 a matsayin rama. Kowace runduna da ƙa'idarta a kan nauyi da tsawo, amma na san da wannan jikin ina bakin gaɓa. Na sha cin abinci har in ji kamar cikina zai fashe, sikeli bai motsa ba. Yayana, wanda ya daɗe yana motsa jiki, shi ya ce mini: "Kai ba cin abinci kaɗai ne matsalarka ba, ba ka ba jikin dalilin da zai gina tsoka ba. Ka ɗaga ƙarfe, ka ƙara furotin." Gaskiya ya faɗa. Cikin wata bakwai na kai kilo 67, kafaɗuna suka buɗe, ina tura ƙasa sau hamsin ba hutu.

Garin furotin da nake sha irin wanda ake samu daga ruwan da ke tsatsowa daga madara ne idan ana yin cuku. A busar da shi ya zama gari. Cokalin da ke zuwa cikin gwangwanin yana ɗaukar kimanin giram 30 na gari, furotin ɗin da ke ciki kuma giram 24 ne a rubuce. Abin da ban tsaya na lissafa ba shi ne nawa jikina yake bukata. Mutumin da ba ya wani aikin ƙarfi, giram 0.8 a kan kowane kilo na nauyinsa ya ishe shi a rana. Mai motsa jiki sosai ana ba shi shawarar tsakanin giram 1.4 zuwa 2.0, kuma wani nazari da aka wallafa a 2018, wanda ya tattara gwaje-gwaje da dama wuri guda, ya nuna cewa amfanin ƙarin furotin wajen gina tsoka yana tsayawa ne a wajajen giram 1.6. Ga mai kilo 67, wannan bai wuce giram 107 ba. Ni kuwa, in aka haɗa abinci da gari, ina haura wannan nesa ba kusa ba, domin a raina ƙari kullum alheri ne.

Mako guda kafin tantancewa, jita-jita ta cika tsakaninmu masu nema. Wani ya ce furotin ɗin gwangwani yana fitowa a fitsari, da an gani an kore ka. Wani ya ce ka sha ruwa lita biyar da safe ya wanke komai. Wani kuma ya rantse cewa ƙaninsa an mayar da shi gida saboda kawai ya faɗa wa likita yana shan kiriyatin. Babu wanda ya ce ga inda ya karanta, amma duk muka ɗauka. Daga cikin wannan hayaniyar na tsinci abin da ya fi dacewa da tsorona: kada ka faɗi komai.

Ga kuma abin da na yi da jikina a awa 48 na ƙarshe. Tunda na ji ana auna ƙarfi da gudu bayan an gama da likitoci, sai na ce bari in yi wa kaina gwaji na ƙarshe. Ana jibi tantancewa na yi gudun kilomita goma. Ana gobe tantancewa, da yamma, na sha garin kuzarin nan na ɗaga ƙarfe mafi nauyi da na taɓa ɗagawa, har cinyoyina suna rawa. Da dare na cika ciki da nama don sikeli ya ga ƙarin nauyi da safe. Ƙafafuna suka hana ni sakat, na haɗiyi ƙwayar kashe ciwo, ibuprofen, guda biyu. Barci kuwa bai zo ba sai wajen ƙarfe biyu, saboda kafeyin, sinadarin nan mai hana barci da ke cikin garin. Awa biyar ko makamancin haka jiki yake ɗauka kafin ya rage rabinsa kawai.

Kafin gari ya waye muna kan layi. An ba kowa lamba, daga nan babu mai kiran sunanka, lambar ce kai. Wani saje mai kakkausar murya yana tura mu rukuni-rukuni daga ɗaki zuwa ɗaki. Tsawo da nauyi na wuce lafiya. Ido ma haka: allon haruffa daga nesan mita shida, sannan littafin nan mai ɗige-ɗigen launi da lambobi a ɓoye a ciki, wanda wani likitan ido ɗan Japan, Shinobu Ishihara, ya fitar a 1917 don gano masu rikita ja da kore. A nan na ga wani dogon saurayi ya tsaya yana kallon shafi yana cewa bai ga lamba ba. A ranar ya fara sanin yana da wannan matsalar. Kunne, haƙora, hoton ƙirji, wayoyin auna aikin zuciya da ake manna wa mutum a ƙirji da hannuwa. Sai ɗakin da ake tuɓewa, a duba tafin ƙafa ko a shimfiɗe yake, a duba gwiwoyi ko suna karo, a sa ka yi tari a duba ƙaba.

A wajen awon jini na fara jin ba daidai ba. Na'ura ta nuna 138 bisa 88, bugun zuciya 96 a minti. Ma'aikaciyar jinya ta ce in koma benci in zauna minti goma ba magana. Da ta sake aunawa ya sauko zuwa 128 bisa 82, ta rubuta ta ce in wuce. Iyakar da aka saba kallo ita ce 140 bisa 90, da ƙyar na tsallake.

Sai bayan azahar aka kai mu wajen jini da fitsari. Zuwa lokacin na fi awa bakwai a tsaye, kuma abin da na sha bai wuce ƙaramar gora ɗaya ba, don ina tsoron in bar layi in je bayan gida a kira lambata ba na nan. Aka miƙo mini kwalba mai ɗauke da lambata, wani soja yana tsaye a bakin ƙofa yana kallo don kada a yi musanya. Abin da ya fito kaɗan ne, mai duhu kamar shayin da ya daɗe a wuta. Mai gwajin ya tsoma wani siririn tsinke mai ƙananan murabba'ai masu launi, ya jira, ya kara shi da jikin kwalbar tsinkayen. Na ga murabba'i ɗaya ya tashi daga rawaya ya koma kore-kore. Ya yi rubutu bai ce mini komai ba.

Washegari da aka karanto lambobin waɗanda suka wuce zuwa filin gudu, babu tawa. Aka ware mu, mu goma sha wani abu, aka ce likita yana son ganinmu. Ban taɓa jin sanyi a gwiwa irin na wannan safiyar ba.

Likitan dattijo ne, babban hafsa, furfura ta fara cin gefen kansa. Takardata na gabansa, ya ja layi da jan biro a wurare huɗu. Furotin a fitsari, alamar tarawa (+) ɗaya. Ɗan alamar jini. Kiriyatinin, wata shara da ƙoda take tacewa, a jini 1.5, inda aka saba ganin na namiji tsakanin 0.7 da 1.3. Sinadaran hanta guda biyu, AST da ALT, sun ɗan haura.

"Zauna, samari," ya ce. "An taɓa ce maka kana da ciwon ƙoda?"

"A'a, yallaɓai."

"A gidanku fa? Ciwon suga, hawan jini, wanda ake yi wa wankin ƙoda?"

"Babu, yallaɓai."

Ya juya fom ɗin zuwa shafi na biyu, ya ɗora yatsa a kan amsata. Sannan ya ɗago ya kalli kafaɗuna da damatsana, ya daɗe yana kallo.

"Yaro, ni ba alkali ba ne, likita ne. Wannan takardar tana iya nufin abu biyu. Ko dai ƙodarka ta fara samun matsala, wanda in haka ne ba zan tura ka inda za a sa ka gudu da kaya a baya cikin rana ba, ko kuma akwai abin da ka yi wa jikinka kwanan nan da ba ka rubuta ba. In ka bar ni da abin da ke rubuce a nan kawai, dole in ɗauki na farko. Me kake sha?"

Na yi shiru kamar minti guda. Sannan na faɗa masa komai: garin furotin, kiriyatin giram biyar kullum, garin kuzari, gudun kilomita goma, ƙarfen da na ɗaga ana gobe gwaji, naman dare, ƙwayoyin kashe ciwo, da ƙishirwar da na sha a layi. Yana ji yana gyaɗa kai, kamar wanda ya sha jin irin wannan labarin.

Abin da ya yi mini bayani a cikin minti goma sha biyar ɗin nan, da na san shi tun farko da ban shiga wannan halin ba, shi ya sa nake so in rubuta shi dalla-dalla.

Ya fara da abin da muka fi tsoro. Furotin da ka ci, ko na nama ne ko na gwangwani, ba ya bi ta jini ya faɗa fitsari yadda yake. Ciki da hanji suna farfasa shi zuwa ƙananan sassa, jiki ya ɗauki abin da zai gina tsoka da shi, ragowar kuma hanta ta mayar da ita shara mai suna yuriya, ƙoda ta fitar. Don haka mai yawan cin furotin yana iya ganin yuriya ta ɗan ɗaga a jininsa, amma wannan dabam ne da abin da tsinken nan yake nema. Tsinken yana neman albumin ne, furotin ɗin da ke yawo a cikin jinin mutum, wanda matatar ƙoda mai lafiya take tarewa. Lafiyayyen mutum ba ya zubar da furotin da ya kai miligiram 150 a fitsarin yini guda. In aka ga ya fi haka, tambayar ita ce me ya sa matatar take yoyo.

Kuma yoyon ba kullum ne ciwo ba. Motsa jiki mai tsanani yana sa furotin, har da ɗan jini, su ɓulla a fitsari na ɗan lokaci, galibi su ɓace cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Zazzaɓi ma yana yin haka. Akwai kuma matasa da yawa, musamman dogaye, da in sun daɗe a tsaye furotin yake fita, in sun kwana a kwance fitsarin safiya ya fito fes. Ga rashin ruwa: tsinken yana auna kaurin furotin ne a cikin ɗigon da ya taɓa, saboda haka fitsarin da ya yi kauri yana iya nuna tarawa ɗaya a inda tsarma zai nuna babu. Ni, ban da zazzaɓi, na haɗa sauran ukun a rana guda.

Batun kiriyatinin ya fi ɗaukar hankalina. Tsoka tana ajiye kiriyatin don aikin ƙarfi na gaggawa, kuma kullum wani ɗan kaso nasa, kusan ɗaya zuwa biyu cikin ɗari, yana rikiɗewa ya zama kiriyatinin, wanda shara ce da ƙoda take tacewa. Likitoci suna auna wannan sharar a jini don su yi hasashen yadda ƙoda take aiki: in ta taru, wataƙila mai kwashewa ya gaza. Amma shara tana iya taruwa don mai kwashewa ya gaza, tana kuma iya taruwa don an ƙara yawan zubar da ita. Mai tsoka da yawa yana samar da ita da yawa. Mai shan kiriyatin ya ƙara. Dafaffen nama yana ɗauke da kiriyatinin da zafin wuta ya riga ya samar, yana ɗaga awon na wasu awanni bayan ci. Lissafin da kwamfutar ɗakin gwaji take yi kuwa shekarunka da jinsinka kawai ta sani, ba ta san kana ɗaga ƙarfe ba.

Hatta sinadaran da ake kira na hanta, ya ce, ba hanta kaɗai take da su ba. Tsoka ma tana da su, musamman AST, kuma bayan ɗaga ƙarfe mai nauyi suna iya zama a sama har mako guda. Hanyar rarrabewa ita ce a auna wani sinadarin, CK, wanda yake tashi sosai in tsoka ce ta ji jiki.

Inda fuskarsa ta canza shi ne da na ambaci ibuprofen. Ya ajiye biro. Ya ce a cikin duk abin da na lissafa, wannan ne ya fi kusa da yi wa ƙodata lahani na gaske: irin waɗannan ƙwayoyin suna rage jinin da ke shiga ƙoda, to in ka haɗa su da rashin ruwa da tsokar da ta farfashe, ka haɗa abin da yake kwantar da sababbin kurata a asibiti. Akwai yanayin da tsoka take narkewa ta zubar da abin cikinta a jini, fitsari ya koma launin shayi, ƙoda ta toshe. Ya tambaye ni ko na san rukunin jinina na sikila, domin masu ɗauke da rabin ƙwayar suna da ɗan ƙarin haɗarin wannan yanayin a atisaye mai tsanani. Nawa AA ne, yana cikin takardar.

Sai ya turo mini fom ɗin. "Soke wannan da layi ɗaya, yadda za a iya karanta abin da ka soke. Rubuta gaskiya a gefe, ka sa hannu da kwanan wata." Na yi. Shi ma ya sa nasa hannun a ƙasa. Ya ce in sani cewa garin furotin da kiriyatin ba su ne suke hana mutum kaki a wurinsa ba, amma bayanin ƙarya a takardar shiga aiki yana iya bin mutum har bayan an ɗauke shi, a sallame shi a kai. "Hafsa za ka zama. Wata rana rahotonka ne zai sa a tura mutane wani wuri ko a fasa. Daga wannan takardar ake fara dubawa."

Ya rubuta a sake gwaji bayan kwana goma. Sharuɗɗansa: babu gudu, babu ƙarfe, tafiya kawai. In ajiye kiriyatin da garin kuzari. Babu ƙwayar kashe ciwo. In sha ruwa yadda ƙishirwa ta nema har fitsari ya yi haske, ba in ɗura wa kaina ba. In ci abinci yadda na saba, ban da tulin nama a daren gwaji. Kuma in zo masa da gwangwanayen duka.

Kwana goman nan sun yi mini tsawo. Abokan rukunina sun yi gaba, ni ina zaune. A nan ne na fara karanta abin da ke jikin gwangwanayen da na yi wata bakwai ina zuba wa cikina. Na furotin da na kiriyatin bayaninsu a fili yake. Na kuzarin ne ya tayar mini da hankali: an jera sunayen sinadarai kusan goma a ƙarƙashin "haɗi na musamman", an ba da jimillar nauyinsu, amma ba a faɗi nawa ne kowanne ba. Ko yawan kafeyin ba a rubuta ba, alhali hukumomin lafiya suna cewa baligi kada ya wuce miligiram 400 a rana.

Da na bi diddigi sai na gane cewa a ƙasashe da yawa ba a bi da waɗannan kayan kamar magani. A Amurka, dokar 1994 ba ta tilasta wa mai yin su ya nemi amincewar hukuma kafin ya kai kasuwa ba; sai an sami matsala ake bin sawu. Wani ɗakin gwaji a birnin Kolon na Jamus ya sayi irin waɗannan kayan guda 634 daga ƙasashe 13, ya wallafa sakamakon a 2004: kusan kashi 15 cikin ɗari suna ɗauke da sinadaran dangin sitiroyid, masu kumbura tsoka, da ba a rubuta a jikinsu ba. A ƙarshen 2011 ma'aikatar tsaron Amurka ta janye kayan da ke da wani sinadarin kuzari mai suna DMAA daga kantunan barikokinta bayan mutuwar wasu sojoji biyu da aka samu sinadarin a jininsu, kuma har yanzu tana da jerin sinadaran da ta haramta wa dakarunta. Na kwana ina tunanin cewa fitsarin da na bayar ba furotin kaɗai ake nema a cikinsa ba, ana neman miyagun ƙwayoyi ma, kuma ni kaina ban san abin da na sha ba. Allah Ya rufa asiri, wannan ɓangaren ya fito babu komai. Amma tun daga ranar ba na sayen abin da babu tambarin wata hukumar gwaji mai zaman kanta a jikinsa, irin su Informed Sport ko NSF, waɗanda suke gwada kayan su tabbatar abin da aka rubuta shi ne a ciki.

A cikin mu da aka ware, ba kowa ne labarinsa ya zo da sauƙi ba. Akwai wani da muka saba a layi, shi ma rama ce ta dame shi, amma shi ƙwayoyin ƙiba ya saya, marasa suna, a ƙulle a leda. Ya yi ƙiba kam, fuskarsa ta kumbura ta yi zagaye, amma jininsa ya hau, sugansa ya hau. Likita ya ce masa alamu sun nuna akwai irin maganin nan na dexamethasone a ciki, kuma ya gargaɗe shi kada ya yanke shan su lokaci guda, sai a ƙarƙashin kulawar asibiti, domin yankewar ma haɗari ce. Bai dawo gwaji na biyu ba. Har yau ina tuna yadda ya naɗe takardarsa ya sa a aljihu ya ce mini, "Abokina, Allah Ya ba ka sa'a, ni sai baɗi." Wani kuma shawarar lita biyar ya bi, fitsarinsa ya fito kamar ruwan famfo, mai gwaji ya ƙi karɓa ya ce ya tsarma da yawa, ya sake zama ya jira. Shi da sauƙi, tunda ɗura ruwa haka yana iya zubar da gishirin jini har mutum ya faɗi.

Akwai kuma wanda gwajinsa na biyu ya sake nuna furotin, tarawa biyu, ga shi bai taɓa shan komai ba. Aka ba shi takarda zuwa wajen likitan ƙoda. Ya yi kuka a bakin ƙofa. Na daɗe ina tunaninsa, domin ciwon ƙoda a farkonsa ba ya ciwo, ba ya nuna alama; ba don wannan kwalbar ba, da wataƙila sai bayan shekaru zai sani. Tun daga kansa na daina kallon ɗakin gwajin nan a matsayin shingen da aka kafa don a kayar da mu.

Daren gwaji na biyu na bi umarnin da aka ba ni: na yi fitsari kafin in kwanta, ban sake tashi ba, da farkawa kafin in yi ko taku goma na cika kwalbar da aka ba ni. Da na isa aka sake karɓar wani a gaban soja, aka ɗebi jini. Wannan karon ba tsinke kaɗai aka dogara da shi ba. An auna albumin an gwada shi da kiriyatinin ɗin cikin fitsarin, hanyar da kauri ko tsarma ba sa ruɗa ta. Ƙasa da 30 ake so, nawa ya fito 8. Babu jini. Kiriyatinin na jini ya sauko 1.2, ko da yake likita ya ce kiriyatin da tsoka ta tara yana ɗaukar mako huɗu zuwa shida kafin ya koma yadda yake. Don ya cire shakka ya sa aka ƙara wani awon, sistatin C, wanda bai damu da yawan tsoka ko abin da ka ci ba; ya fito daidai. AST da ALT sun koma gidansu. Awon jini 118 bisa 76. Sikeli ya nuna na rage kusan kilo guda, ruwan da kiriyatin yake riƙewa a tsoka ne ya fara tafiya, kuma har yanzu ina cikin ma'auni.

Na jera masa gwangwanayen uku a kan tebur. Ya ɗauki na furotin ya karanta, ya ajiye. Ya ɗauki na kiriyatin, ya ajiye kusa da shi. Na ukun ya juya shi ya duba bayansa, ya tura shi can gefe guda.

"Waɗannan biyun, in ka ga dama ka ci gaba bayan an gama, cokali ɗaya ya ishe ka in kana cin abinci. Amma ka sani a makarantar horo abin da aka ba ka za ka ci, kuma sai ka tambaya kafin ka shigo da komai. Wannan kuwa ka bar shi a nan."

"To, yallaɓai. Na gode."

Ya buga hatimi a kan takardar, a ƙasan layin da na soke da hannuna, ya miƙa wa sajen da ke bakin ƙofa. Sajen ya duba, ya kira lambata da ƙarfi kamar ba a gabansa nake tsaye ba, ya nuna mini hanyar fili. Rukunin ƙarshe na masu gudu sun riga sun fara ɗaure takalma, na je na shiga bayansu.